Karatu Na Biyu

Gidan Yari, Kafanchan
28 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga matata Emilia,

Bayan gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya ƙafafun, har yanzu suna kumbura da yamma? Yaya Mama da gwiwarta? Ki gaishe ta da kyau, ki gai da mutanen gida, ki kuma aika a gai da Baffa Babayo da Inna Hajjo a ruga. Ni ina nan lafiya, sai kewa.

Gari da ƙuli-ƙulin da kika ba Katikis Nicholas, malamin majami'armu, sun iso. Na raba da tsoho Ƙasimu, dillalin shanun nan da tabarmarsa ke kusa da tawa. Ya ce in gaya miki ƙulin ya yi tauri, kin manta akwai marasa haƙori a gidan gwamnati. Amma shi ya ci mafi yawa.

An sake kai ni kotu ran Talata, an sake ɗagewa. Kowane zuwa sai akawu ya tashi ya karanta takardar nan da Turanci, tafinta ya juya mini, wai ni Zamani na cinna wa gidan zaman mutane wuta. Ina tsaye ina ji kamar labarin wani mugun mutum ake ba ni wanda ban taɓa gani ba. Takardar ba ta san sharar gonar citta nake yi ba, ba ta san iska ce ta juya da rana tsaka ta tsallakar da wutar rafi ba. Bukkoki uku na Baffa sun ƙone, wannan kam ta sani. Amma yadda muka yanko ciyawa ni da ƙannena muka sake kafa su, da yadda aka zauna gaban dagaci aka yanka akuya muka ci a ƙwarya ɗaya, Baffa ya dafa kaina ya ce ya yafe, duk wannan babu ko layi ɗaya. Abin da ɗansa Jibir ya je ya faɗa a caji ofis a ranar wutar, da zafin rai, shi kaɗai aka rubuta. Kin tuna Baffa da kansa ya je ya ce ya janye, aka ce masa laifin wuta ba nasa ba ne da zai yafe, na gwamnati ne.

In an gama karatun sai a tambaye ni, na amsa laifi ko ban amsa ba. Sai in ce ban amsa ba. Ƙasimu ne ya koya mini tun farkon zuwana, shi ya saba da kotu. Ya ce muddin ban amsa ba sai an kawo shaida, shaida kuwa Baffa ne, Baffa kuma duk ranar kotu sai ya kora shanunsa ya shige daji inda masinja ba zai same shi ba. Haka muka ci damina, ni a nan, shi a daji.

To ga abin da ya sa na roƙi takarda yau. Kofur Arzika, gandiroban da ke tsaron farfajiyarmu, yana da ƙaramar rediyo da yake ɗaure wa da roba. Idan aka fito da mu shan iska yana barin mu mu matso. Shekaranjiya aka ce majalisar nan ta farar hula da aka zaɓa a Kaduna ta ɗauko shirin gyara dokokin laifi da na hukunci gaba ɗaya. An jero abubuwa da yawa, na bulala, na tara, na masu jiran shari'a irinmu. Amma guda ɗaya ne ya shiga kunnena ya zauna. Wai idan mutum ya amsa laifinsa, wanda aka yi wa ɓarna kuma ya zo ya shaida an yi sulhu gaban manya, alƙali yana da iko ya sallame shi ya tafi gida. Emilia, kamar wanda ya rubuta abin ya zauna da mu a gindin ɗorawar dagaci ran nan. Mai labarai ya ce an riga an yi wa shirin karatu na farko.

Kada ki gaya wa Mama tukuna, kin san ta, za ta fara jiƙa hatsin kunun maraba. Ki dai sa shi cikin addu'a.

Cittar da kuka shuka da gayya, in ganyen ya fara yin rawaya kada ki yi garajen tono, ki bari ya kwanta. Kuma kada ki sunkuya da kanki, ki kira ƙannena.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Ni ne mijinki,
Zamani


Gidan Yari, Kafanchan
11 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga matata Emilia,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya nauyi? Yaya Mama? Na ga amsarki, na karanta har takardar ta fara yagewa a wurin ninki. Na gode wa zumuntar mata da suke zuwa suna ɗebo miki ruwa, ki gaishe su ɗaya-ɗaya. Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Kin tambaye ni ko ina cin abinci. Ina ci. Abin da ba na ci shi ne Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki ta sujada. Fada, limaminmu, ya zo makon jiya, 'yan'uwa suka yi layi, ni na zauna a baya. Yaya zan buɗe baki in karɓa, bakin da ke zuwa gaban alƙali yana cewa bai yi ba? Ban yi da niyya ba, gaskiya ne, amma ashanar a hannuna take. Ƙasimu ya ce wannan ba ƙarya ba ce, yaren kotu ne, kamar yadda mai sayen sa yake cewa bai ga abin so ba alhali ya riga ya mutu a kansa. Na yi dariya, amma abin bai sauka daga ƙirjina ba.

Ga wani kuma. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya gaya wa majistare ya gaji da neman shaida, in ranar huɗu ga Disamba Baffa bai zo ba za a ba da takarda a kamo shi. Ki duba, tsohon da ya yafe mini, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu kowane rani suna bar mana taki, a sa shi a bayan mota kamar ɓarawo. In an kawo shi kuma za a miƙa masa Alƙur'ani ya rantse. Ko ya yi ƙarya saboda ni, ko ya ɗaure ni da bakinsa. Duka biyun ba na so ya ɗauka zuwa kabarinsa. Wannan shi ke hana ni sukuni fiye da ƙuda da kuɗin cizo.

Maganar majalisa ta zama abincinmu a nan. Kowa ya ja ta wajen ciwonsa. Masu tsoron bulala suna lissafin bulala, waɗanda suka daɗe ba a kira shari'arsu ba suna cewa za a buɗe ƙofa. Rediyo ta ce wasu wakilai suna gardama, wai in aka yarda da sulhu mai hali zai sayi yafewa, talaka ya ruɓe a ciki. Na ga gaskiyarsu. Sai dai ni talakan ne, kuma ga ni a ciki da yafewata a hannu, ba wanda ya tambaye ni ita.

Na yi ta tunani a kan kalmar nan, karatu na farko. Ina muka san ta in ba a sujada ba? Ran Lahadi ana yin karatu na farko, a rera zabura, a yi karatu na biyu, daga nan sai kowa ya miƙe tsaye a ji Bishara. Tun ina yaro a Zonkwa ban taɓa ganin an yi wani abu dabam ba. Yau bayan sujada na tambayi Katikis. Ya shafa gemu, sa'an nan ya ce ai Turawan da suka kawo majami'a su suka kawo majalisa, da wuya su yi wa abu biyu tsari biyu. A ganinsa na farko don a ji ne, na biyu don a tabbatar, bayansa kuma sai albishir. Ya ce shi ba lauya ba ne. Na ce ni ma aji huɗu na yi, amma kunnena bai manta abin da yake ji kowane mako ba.

Saboda haka yanzu abu ɗaya nake jira, karatu na biyu ya riga huɗu ga Disamba. Duk jirgin ƙasa da ya yi kuka yana shigowa tasha daga wajen Kaduna sai in ce ko shi ne ya ɗauko.

Ki kula da kanki. In naƙuda ta taso kada a tsaya jiran gari ya yi sanyi, a tafi asibitin mishan nan da nan.

Naki har kullum,
Zamani


Gidan Yari, Kafanchan
25 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga matata Emilia, maijego,

Barka da sauka lafiya. Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Yaya jikinki, yaya ruwan zafi, Mama ba ta ƙona ki da shi ba dai ko? Yaya 'yar baƙuwarmu, tana kama nono? Katikis ya ce ta ɗauko goshina. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, ya ba ta hancin uwarta ya rage mata asara.

Ki yi haƙuri da rubutun, murna ce. Ran Alhamis Kofur Arzika ya ƙara muryar rediyonsa da kansa, ya yafito ni da hannu. Da kunnena na ji. An yi wa shirin dokar karatu na biyu, kuma ya wuce, masu goyon baya sun fi yawa. Na tsuguna a wurin ina godiya ga Allah. Yau kuma Katikis ya shigo yana murmushi tun daga ƙofa, ya ce kin haihu ran Alhamis ɗin nan da hantsi. Rana ɗaya, Emilia. Ki gaya mini in wannan ba hannun Allah ba ne.

Don haka ina roƙonki, ke da Mama, a sa mata suna Bishara. Na san Mama ta so a mayar da sunan kakata, ki lallashe ta, ta gaba sai a sa. Baftisma kuma a jira ni, a yi a makon Kirsimeti, ni zan riƙe ta har gaban Fada.

Ga abin da na shirya. Ranar huɗu in an karanta takardar zan ce na amsa. Zan faɗa da ƙarfi yadda na bayan kotu ma zai ji, in sauke kayan nan da na ɗauka tun farkon damina. Ki aika ƙanena ruga ya gaya wa Baffa ɓuya ya ƙare. Ya zo da ƙafarsa, ya sa farar rigarsa, shi da dagaci, su shaida an yi sulhu. Ba wanda zai ba shi littafi ya rantse a kaina, maganar alheri kawai zai faɗa. Jibir ma ya zo in yana so. Ki ce masa na ji yana kunyar haɗa ido da ke a rafi, ya daina, wanda ya ga ɗakin uwarsa yana ci da wuta ba a tambayarsa me ya sa ya yi gudu.

Ƙasimu dai bai yi murna yadda na so ba. Ya ce shi bai san tsarin majami'armu ba, amma su a wurinsu ba a cewa yaro ya gama karatu sai an yi sauka an ci tuwo, shi kuwa bai ji an ce an yi sauka ba. Na ce masa tsoho, kishi kake yi don zan bar ka da ƙulin da ba ka iya taunawa. Ya ce to Malam Karatu, Allah ya sa shi ne mai kuskure. Kofur Arzika kuma ya ce shi ji kawai yake yi, amma a iya aikinsa duk dokar da ta canja sai takarda ta zo ofis, har yanzu kuwa bai ga takarda ba. Na ce takarda a jirgi take zuwa, jirgi kuma kowa ya san halinsa, amma majistare mai ilimi ne, yana da rediyon da ta fi ta Kofur.

Ki sa a tone cittar yanzu, a bar mini tsagawa da shanya, ina zuwa. Ki ce wa Mama ta jiƙa hatsinta.

Ki sumbaci Bishara a goshin nan nawa.

Mijinki mai murna,
Zamani


Gidan Yari, Kafanchan
9 ga Disamba, 1979

Zuwa ga matata Emilia,

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangiji. Yaya jego, yaya yarinya, yaya Mama? Ina fata kuna lafiya. Na san dagaci ya riga ya kawo muku labari. Na ji an ce Mama ta zubar da kunun a bayan gida ta shiga ɗaki. Duk da haka ina so ki ji daga wurina yadda abin ya tafi, don kada ki riƙa cika shi da tunani.

Baffa ya zo tun kafin a buɗe kotu. Ya sa farar rigar, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Da aka shigo da ni ya ɗaga mini hannu. Jibir ya tsaya a waje wurin taga. Akawu ya karanta takarda, tafinta ya juya, na ce na amsa. Majistare ya ɗago kai ya ce a sake tambayata ko na gane abin da aka karanta. Na ce na gane, na amsa. Ya yi ta rubutu. A lokacin nan, Emilia, ban taɓa jin jikina sakayau haka ba tun ranar wutar.

Sai aka ce ko ina da abin faɗa kafin a yanke hukunci. Na ce ranka ya daɗe, ga wanda na yi wa ɓarna, ga dagacinmu, an yi sulhu, ina roƙo a yi mini da sabuwar doka. Ya ce wace doka. Na ce wadda aka yi wa karatu na biyu. Wani a baya ya yi dariya. Tafinta bai yi ba. Mutumin Kagoro ne, na taɓa ganin tasbaha mai gicciye a aljihunsa, ina jin shi kaɗai a ɗakin ya gane daga inda na ɗauko maganar. Ya juya ta da Turanci yana kallon ƙasa.

Majistare ya cire tabarau ya ajiye. Bai yi fushi ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya yi bayani a hankali kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ashe karatun majalisa uku ne. Bayan na biyu ana miƙa shirin ga kwamiti su zauna su tsefe shi, wata ɗaya ko shekara, ba wanda ya sani. Sa'an nan a yi na uku, sa'an nan a kai wa gwamna ya sa hannu, in ya ga dama. Kafin nan takarda ce kawai, ba ta iya buɗe ko ƙofar akurki. Dokar da ke gabansa ita ce ta da, ita kuwa ba ta san sulhu ba a laifin wuta.

Sa'an nan ya yi abin da ban zata ba. Ya ce tunda a kan kuskure na amsa, yana iya share amsar a koma shari'a, ga shaida ma ya zo, sai a rantsar da shi yanzu. Na juya na dubi Baffa. Ni na kira shi daga daji, ni na ce ya sa farar riga. Yana zaune ya ɗora hannuwa a gwiwa, bai gane abin da ake faɗa ba, yana yi mini murmushi yana jiran a ce mu tafi. Akawu har ya miƙa hannu wajen littafin rantsuwa. Na ce a'a, ranka ya daɗe, abin da na faɗa gaskiya ne, ba zan mayar da shi ciki ba.

Ki yafe mini wannan, Emilia. Na san ba ni kaɗai zan biya ba, da ke da yarinya ne. Na auna a tsaye a wurin, ban sami wata hanya ba.

Majistare ya bar Baffa ya yi magana ba tare da rantsuwa ba. Da tafinta ya fahimtar da shi inda aka kwana, sai ya miƙe ya ce shi aka ƙona wa ɗaki, ɗakin kuwa yana tsaye, ya fi na da kyau, jiya ma a ciki ya kwana. Ya ce yaron nan karan gonarsa shanuna ke ci, takin shanuna gonarsa ke ci, in kun ɗaure shi wa kuka rama wa? Majistare ya ce ya ji, kuma zai yi mafi ƙanƙantar abin da hannunsa zai iya. Shekara uku, a lissafa da zaman da na riga na yi.

Da ake fita da ni na ga Baffa ya wuce sandarsa bai ɗauka ba, sai Jibir ne ya koma ya ɗauko masa.

Ƙasimu bai ce ai na gaya maka ba. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, muka zauna. Washegari aka yi mini aski, aka ba ni kayan gidan, aka mayar da ni farfajiyar waɗanda aka yanke wa hukunci, saboda haka yanzu sai daga nesa muke ɗaga wa juna hannu. Rigata mai shuɗin zare da kika ɗinka mini tana wurin Katikis, zai kawo miki. Ki wanke ki riƙa shimfiɗa wa yarinya.

Kada kowa ya ga laifin Katikis. Yau ya zo ya kasa kallona, ya ce shi ya kai ni. Na ce tare muka je, littafi ɗaya muka karanta.

Ku tsaga cittar ku shanya, kada ku jira ni.

Ni ne naki,
Zamani


Gidan Yari, Kafanchan
30 ga Disamba, 1979

Zuwa ga matata Emilia,

Barka da Kirsimeti, barka da ganin ƙarshen shekara. Yaya jikinki, yaya yarinya da sanyin nan? Yaya Mama, ta fara fitowa tsakar gida? Ki gaishe ta, ki ce ɗanta yana cin abinci, yana barci. Ki gai da Baffa da Inna Hajjo, ki yi musu godiyar man shanun da suka kawo miki. Na ji Jibir ne ya kwashe muku citta zuwa gida a kan jakinsu. Ki bar shi ya yi, kada ki hana shi, shi ma yana neman inda zai ajiye nasa kayan.

Kin tambaya ko in dokar ta fito za ta fitar da ni. Na sa Kofur Arzika ya tambayo mini a ofis. An ce majalisa ta tafi hutu, shirin yana wurin kwamiti. An kuma ce ko ya zama doka, galibi irinta gaba take kallo, ba ta waiwayen wanda aka riga aka yanke wa. Gara in gaya miki haka da in bar ki kina kasa kunne a rediyon maƙwabta. Ni na daina matsawa kusa da ta Kofur. Ina dai roƙon Allah ta fito, don akwai wani yaro daga wajen Kwoi da aka kawo makon jiya, maganarsa kusan irin tawa ce. Bayan sujada na zaunar da shi na ƙirga masa da yatsu, ɗaya, biyu, kwamiti, uku, sa hannu, na sa ya maimaita.

Yanzu ana fita da mu aiki, abin da ba a yi da masu jiran shari'a. Ran farko da aka miƙo mini fartanya na riƙe ta kamar hannun ɗan'uwa. Daga inda muke aiki ana hango dutsen Kagoro, in na miƙe don in huta sai in juya masa baya in dubi wajen gida. Tafin hannuna da ya yi laushi ya fara komawa yadda kika san shi.

Ran Kirsimeti Fada ya zo, na shiga layi na karɓi Jibi. Yau kuma a sujada Katikis ya ɗaga littafi yana neman mai yin karatu na biyu, ya bi kowa da ido ya tsallake ni. Na miƙa hannu na karɓa na karanta. Da na gama aka ɗauki Halleluya, kowa ya miƙe. Ƙafafuna sun yi nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na tashi.

Irin citta kada ki sayar ko an matsa miki. Ki zaɓi masu ido da yawa, a haƙa rami a inuwar mangwaro, a rufe da ciyawa. Sharar gona kuma in lokaci ya yi a yi da hannu, a tara a bar shi ya ruɓe. Kada a kunna ko ashana ɗaya.

Saura maganar da kika ajiye a ƙarshen takardarki, da ƙananan haruffa kamar ba kya so in gani. Kin ce Mama ta ce tunda ba a yi baftisma ba a canja wa yarinya suna, a sa mata Haƙuri, don duk wanda ya kira Bishara a gidan sai ta ji kamar ana yi mana dariya. Na kwana biyu ina juya maganar. Na gane zafin Mama. Amma haƙurin nawa ne da naki, mu aka ɗora wa, kada a rataya wa yarinya shi a wuya tun ba ta san komai ba. Abu biyu aka gaya mini a makon da aka haife ta, na rediyo da na Katikis. Na rediyo ni na ji shi ba daidai ba. Na Katikis kuwa ga shi a cinyarki yana shan nono, ba wanda zai ce sai kwamiti ya zauna a kansa.

Ku yi baftisma ran Lahadi mai zuwa, kada a ƙara jirana. Ƙanena ya riƙe ta a madadina, a naɗe ta a rigata. In Fada ya tambayi suna ki faɗa da ƙarfi yadda na bayan majami'a zai ji. Lokacin da zan fito ta riga ta yi ƙafa, ta yi baki, ba za ta san ni ba. Ina so in tsaya a ƙofar gida in kira sunan nan, in ga wadda za ta juyo.

Ubangiji ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu.

Ni ne mijinki,
Zamani, baban Bishara